Saurayin Auta da Ƙaramin Babur Ɗinsa

Auta tana tsakar gida tana goge kayan aikinta na gobe lokacin da ta jiyo ƙarar. Siririyar ƙara ce, tir-tir-tir kamar keken ɗinki, wadda ko cikin babura dubu aka saka ta za ta gane. Ta ajiye dutsen gugar a tsaye, ta dubi Umma da ke zaune kan tabarma tana tsintar shinkafa.

"Umma, shi ne! Wallahi sai da na ce masa kada ya zo ranar Asabar!"

"To mene ne a Asabar ɗin?" in ji Umma ba tare da ta ɗago ba. "Sata ya zo yi?"

"Su Yaya suna waje fa!"

Yaya shi ne babban wanta, wanda gari ya sani da Guguwa. Tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da gidan da shagonsa na kayan gyaran babura, kuma shi ne shugaban wasu samari masu manyan babura, irin waɗanda in suka wuce sai tagogi sun yi rawa. Duk Asabar a ƙofar gidan suke taruwa, su jera baburan, su yi ta gogewa suna hira. Shi kuwa saurayin Auta mai gyaran firji ne, kowa Mai Firji yake ce masa. Wata shida ke nan suna tare, tun ranar da ya je gyara a kantin maganin da take aiki, amma duk zuwansa tana tsara shi ne a ranakun da yayan ba ya nan.

Ta yafa mayafi ta laɓe a zaure. Ta kafar ƙofa ta ga Mai Firji ya tsayar da ɗan babur ɗinsa a ƙarshen layin manyan, akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Ya cire hular kwano, ya yi sallama, ya miƙa wa kowa hannu.

Wanda ya fara magana shi ne aminin Guguwa, wanda suka laƙa wa suna Salansa don bakinsa ba ya shiru.

"A'a! Sannu da zuwa, Anti! Kasuwa aka aike ki ne, ko gidan kitso za ki?"

Dariya ta ɓarke. Wani ya zagaya babur ɗin yana leƙen ƙasansa. "Ina zaren yake? Na ji yana ɗinki tun daga bakin titi!"

"Kai, ku bar shi mana," in ji wani, "ƙila na ƙanwarsa ya ara."

Mai Firji ya yi murmushi kawai. "Nawa ne," ya ce. "Yana kai ni inda za ni, ya dawo da ni."

Guguwa bai yi dariya ba. Ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Wurin wa ka zo?"

"Wurin Auta, Yaya."

"Ni ba yayanka ba ne tukuna."

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta fito, suka tsaya a zaure minti biyar da ƙyar, ko ruwa ba ta kawo masa ba. Duk abin da ya faɗa "uhm" take cewa, kunnenta yana waje, inda Salansa ke kwaikwayon ƙarar babur ɗin da baki.

Da yamma, bayan an watse, Guguwa ya shigo fuskar nan a murtuke. Ya jefa safar hannunsa kan kujera.

"Umma, wannan ne mutumin da ake ta yi mini ɓoye-ɓoye a kansa? To ku ji da kyau, ban yarda ba!"

"Me ya yi maka?" in ji Umma. "Yaron nan yana da sana'arsa, yana da ladabi, uwarsa yake riƙo. Na bincika."

"Umma, ba za ki gane ba. A wurinmu babur ɗin mutum shi ne mutum. Namijin da zai zaɓi wancan abin da kuɗinsa, alhali ga babura a gari, to zuciyar ce babu. Tsoro ne ya yi masa yawa! Ranar da wani abu ya taso wa Auta, wa zai tsaya mata? Wanda ake ce wa Anti yana murmushi?"

"Yaya, don Allah..." Auta ta fara.

"Ke rufe mini baki! Kin san abin da aka rubuta a gurup ɗinmu na waya yau? Wai Guguwa ya samu suruka!" Ya numfasa. "Amma ba zan zalunce ki ba. Ranar Lahadi ta makon gobe muna fita tsohon filin bayan gari. Ya zo, ya hau babur ɗina ya zaga filin sau ɗaya. Sau ɗaya tak! In ya yi, ni da kaina zan je wurin Baffa in ce a ba shi. In bai yi ba, kada in sake ganin ƙafarsa a layin nan."

Baffa ƙanen mahaifinsu ne, shi zai ba da auren, amma kowa ya san ba ya tsallake maganar Guguwa.

Washegari da rana Auta ta roƙi awa ɗaya a wurin aiki ta nufi shagon Mai Firji. Ta same shi a durƙushe bayan wani tsohon firji, fitila a baki, hannuwansa baƙi ƙirin. Ta zayyana masa komai. Ya saurara har ta gama, sannan ya miƙe ya goge hannu da tsumma.

"Auta, ban taɓa hawa irin wannan babur ɗin ba. Nauyinsa kaɗai ya ninka nawa uku."

"Zagaye ɗaya ne fa! Ka je a hankali mana!"

"Kin san ba a hankali suke so ba. So suke su ga na murɗa shi."

"To ka sayi babba ka koya! Kana da halin saye, na sani!"

"Ina da shi," ya ce. "Amma in yi me da shi? Lungunan da nake shiga gyara, wannan ne ke shiga. Inna tana da ciwon ƙugu, duk mako nake kai ta asibiti, wannan ne kaɗai take iya hawa saboda gajarta. Don Salansa ya daina dariya zan bar uwata a ƙasa?"

Hawaye suka cika idonta, amma na fushi ne. "Kai dai ba ka damu ba ne! Ba kai kake zaune a gidan ba, ba kai ƙawaye ke turo wa hotuna suna tambaya ba. Wallahi wani lokacin ni ma kunyar ganinka nake ji a kan abin nan!"

Sai da maganar ta fita ta ga yadda ta sauka. Ya sunkuya ya ɗauki fitilarsa.

"Zan zo ranar Lahadi," ya ce a hankali.

Ranar Lahadi filin ya cika. Babura kusan ashirin, ƙura, hayaƙi, wayoyi a sama. Auta ta tsaya a gefe da wata ƙawarta. Can sai ga shi, tir-tir-tir, ya ratso tsakiyar taron. Ihu ya tashi. "Anti ta iso! A ba Anti hanya!"

Guguwa ya turo baƙin babur ɗinsa, ya tayar da shi, ya murɗa sau biyu har Auta ta toshe kunne. Ya nuna wa Mai Firji babur ɗin da hannu. "Bismilla."

Mai Firji ya matso. Ya ɗora hannu a kan tankin, ya dubi filin, ya dubi yashin da ya taru a kwana. Auta tana ta addu'a a zuci, ita kanta ba ta san me take roƙo ba, ya hau ne ko kada ya hau. Sai ya janye hannunsa.

"Yaya, na zo ne don kada a ce an kira ni na ƙi zuwa. Amma ba zan hau ba. Ban iya shi ba, kuma ba zan koyi abin da zai iya karya ni a gaban taro don a tafa mini ba. Akwai masu jira na a gida. Ina son Auta, ina neman aurenta, kuma zan riƙe ta da mutunci. Iyakar abin da zan iya nuna maka ke nan."

Filin ya kaure da sowa. Salansa har da kwanciya a ƙasa don dariya. Guguwa ya tofar da yawu gefe.

"Ka dai san sharaɗina. Jeka."

Mai Firji ya waiwayo yana neman idon Auta. Ta kau da kai. Tana jin ƙarar ɗan babur ɗin tana nisa, ba ta ɗago ba. Kafin ta isa gida bidiyon ya zaga ko'ina, har an ɗora masa kiɗa. Ya kira ta sau uku a ranar, ta ƙi ɗauka. Washegari ya turo saƙo: "Ki yi haƙuri da abin da na jawo miki." Ba ta amsa ba. Daga nan bai sake kira ba.

Sati uku bayan haka, wata Lahadi da la'asar, wayar Umma ta yi ƙara. Auta tana kicin ta ji salatin da ya sa ta saki murfin tukunya. Guguwa ne. Yana nuna wa samarin yadda ake ɗaga tayar gaba, babur ɗin ya ƙwace masa, ya danne masa ƙafar dama. Ƙashin cinya ya karye, gwiwa ta goce.

Aka yi aiki, aka saka ƙarfe. Satin farko ɗakin asibitin bai taɓa zama babu mutum ba. 'Yan babura suna zuwa rukuni-rukuni, su ɗauki hoto da shi, su rubuta "Oga ba ya mutuwa!" Sati na biyu aka ragu. Da aka sallamo shi gida, sai ɗaya-ɗaya, daga baya sai a waya. Taron Asabar ma ya tashi daga ƙofar gidan ya koma wurin wankin mota da ke bakin titi.

Likita ya ce dole a riƙa kai shi gashin ƙafa sau uku a mako. A nan matsalar ta fito. Gidansu yana can ƙuryar wani dogon lungu da mota ba ta shiga, ko keke mai ƙafa uku a bakin titi yake tsayawa. Ranar farko da Guguwa ya gwada takawa da sanduna, bai kai rabi ba ya zube, aka kwaso shi yana cizon leɓe. Salansa ya zo sau ɗaya da babur ɗinsa, amma kujerar bayan tana can sama kamar katanga, ƙafar da ba ta lanƙwasuwa ta ƙi hawa. "Sori Oga, bari in nemo dabara," ya ce. Ba a sake ganinsa ba.

Suka rasa zuwa huɗu a jere. Da Auta ta je ta yi wa likitan bayani, ya cire tabarau ya dube ta.

"Ki gaya masa gaskiya. In aka ƙara sati biyu a haka, gwiwar za ta sandare. Shi ke nan, har abada."

A hanyar dawowa ƙafafunta suka kai ta inda ta yi wata biyu tana gudu. Ta tsaya a bakin shagon, ta kasa shiga. Mai Firji ya ɗago ya gan ta. Ya rame kaɗan. Bai yi murmushi ba.

"Lafiya?"

Ta fara magana, kuka ya ci ƙarfinta. Da ƙyar ta haɗa zancen: lungu, gwiwa, sati biyu. "Na san ba ni da bakin roƙonka. Na san abin da muka yi maka. Amma..."

Ya daɗe yana juya sukudireba a hannu. Ta riga ta saddaƙar cewa zai ce ta tafi.

"Ƙarfe nawa ake son ya je?"

"Takwas."

"Ki tafi. Zan zo."

Bakwai da rabi na safe ƙarar ta tsaya a ƙofar gida. Guguwa yana jin ta ya gane. Ya ɗaga sandarsa ya buga a ƙasa.

"Wa ya kira shi? Ke ce ko? Wallahi gara in gurgunce da in hau abin nan! Ta gaban wurin wankin mota fa za a bi! Ni? Guguwa?"

"To gurgunce ɗin!" Umma ce, kuma Auta ba ta taɓa jin muryarta haka ba. Tana tsaye a ƙofar ɗaki, hawaye na zuba. "Gurgunce, in ya so in riƙa ɗaukar maka fo da tsufana, don kada 'yan iskan da suka watsar da kai su yi dariya! Yaron da ka wulaƙanta ya bar aikinsa ya zo, kai kana nan kana kumbura. In ni na haife ka, tashi ka hau!"

Guguwa ya sunkuyar da kai. Can ya miƙa hannu, Auta ta ba shi ɗaya sandar.

Mai Firji ya riga ya kwance akwatin kayan aikin, ya ɗaure filo a kujerar. Ya kwantar da babur ɗin kaɗan, ya tallafi ƙafar da hannu biyu ya ɗora ta a miƙe. "Haka nake yi wa Inna," ya ce. "Ka riƙe kafaɗata, Yaya. In ka ji zafi ka taɓa ni in tsaya."

Suka tafi a hankali, suna kauce wa ramuka. Hankalin Auta ya ƙi kwanciya, ta bi su a ƙafa har bakin titi. Abin da take tsoro shi ta tarar: Asabar ce, 'yan babura sun fara taruwa. Salansa ne ya fara hango su.

"Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Anti ta yi fasinja!" Ya matso, ya gane wanda ke baya, ya dafe kai. "Oga! Kai ne? Haba Oga, ai ka zubar mana da aji!"

Wayoyi suka tashi sama. Wasu suka sunkuyar da kai, amma da yawa dariya suke yi. Auta ta ga wuyan yayanta ya ɗaure, jijiyoyi sun fito, ya ɗaga sanda kamar zai jefa. Motoci sun cushe titin, babu damar shiga. Daƙiƙun nan ta ji su kamar shekara. Mai Firji ko waiwaye bai yi ba, idonsa na kan hanya. Ta ji ya ce, "Riƙe ni da kyau, Yaya, ƙafarka kawai za ka kula da ita." Hanya ta buɗe, suka shige.

Da suka dawo Guguwa ya wuce ɗaki bai yi wa kowa magana ba. Amma ranar Litinin, bakwai da kwata, Auta ta same shi a zaure ya shirya yana jira.

Haka aka yi ta yi, sau uku a mako, har wata uku. Ranar ruwa Mai Firji ya zo da leda ya naɗe ƙafar. Ranar da babur ɗin ya yi faci ya tura shi da Guguwa a kai har wurin mai faci. Bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa neman ganin Auta ba. In sun haɗu a zaure, gaisuwa ce kawai ya wuce. Wannan ya fi komai cin ranta. Ta gwammace ya zage ta.

Ranar da Guguwa ya tako lungun da ƙafarsa, da sanda ɗaya, ya ce wa Mai Firji ya shigo ciki. Suka zauna a tsakar gida, Umma a gefe, Auta a bakin ƙofar kicin.

"Ina da tambaya," in ji Guguwa. "Ni wata uku kawai na yi ina jin abin da suke faɗa, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kai shekara nawa kana sha. Yaya kake yi?"

"Yana yi mini ciwo, Yaya. Ni ma mutum ne. Amma in na tuna inda za ni da wanda ke jira na, sai in ga ba su isa su canza mini hanya ba."

Guguwa ya dube shi. "Na ce ba ka da zuciya. Na ce ba za ka tsaya wa ƙanwata ba. Ga shi ni ka tsaya wa, ranar da mutum ashirin suka kasa. Ka yafe mini, ƙanena. Gobe zan je wurin Baffa, kuma kai za ka kai ni."

Umma ta rufe fuska da mayafi tana hamdala. Amma Mai Firji bai yi farin cikin da aka zata ba. Ya dubi wajen kicin.

"Na gode, Yaya. Sai dai maganar ba a wurinka kaɗai take ba."

Auta ta gane. Ta taso, ta durƙusa nesa kaɗan da shi.

"Dariyarsu ba ta taɓa hana ni barci ba," ya ce mata. "Amma ranar da na nemi idonki a filin nan kika kau da kai, na yi sati ban iya cin abinci ba. Babur ɗin nan ba zan canza shi ba, Auta. In har yanzu kina jin kunyarsa, gara ki gaya mini yau."

"Kaina nake jin kunya," ta ce cikin kuka. "Na san ko kai wane ne tun kafin kowa ya sani, amma na bar bakin mutane ya fi ƙarfina. Ka yafe mini. Wallahi ba zan ƙara ba."

Ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa ta saki a karon farko cikin wata biyar. "Tashi, ya wuce."

Bayan wata biyu aka ɗaura aurensu. Guguwa ya warke, sai ɗan ɗingishi da ya rage masa. Bai daina son babura ba, amma ya bar shugabancin, kuma a gabansa babu mai sake yi wa wani dariya saboda abin hawansa. Wasu daga cikin samarin suka zo bikin suka nemi gafara, wasu ba su zo ba, kuma babu wanda ya neme su.

Auta kuwa ta riƙe darasin har ranta. Ba girman abin hawa ko ƙarar injinsa ke nuna namiji ba, halinsa ne, da yadda yake tsayawa ranar da kowa ya gudu. Kuma duk yarinyar da Allah ya ba mutumin kirki, kada ta bari dariyar 'yan kallo ta raba ta da shi, domin ranar kuka ba za ta ga ko ɗaya daga cikinsu ba.